Re: Mawaki in ya mutu, wakarsa na da sauran amfani?

Malam, ka tambaya ko aikin mawaki na karewa ranar da aka sa shi kasa, wallahi ba ya karewa. Ka duba Nana Asma'u 'yar Shehu, ta rasu tun 1864 amma har yau mata 'yan taru, wato masu bin tsarin karantar da mata da ta kafa, na rera wakokinta, har marsiyyar da ta yi wa dan uwanta Sarkin Musulmi Bello, kuma cikin bakin cikin rashi ta rubuta ta fa. Ni ranar da muka dawo daga jana'izar babana, kaset din Dankwairo na tarar cikin rediyonsa, ban iya kunnawa ba sai bayan sadakar arba'in, da na ji muryar kuwa sai hawaye, kamar Baba na zaune kan tabarmarsa a zaure. Allah shi jikan su duka.