Aikin sanyi a allurar siraran jijiyoyin ƙafa

Ka tambaye ni, ɗana, ko sanyin ne ke kashe jijiyar, tunda sai an sanyaya maganin ake yin allurar. A'a. Maganin ne mai aikin, sanyi ɗan rakiya ne.

Waɗannan jijiyoyi masu kama da saƙar gizo-gizo kaurinsu bai kai milimita 1 ba. Abin da muke nema shi ne maganin ya lalata bangon cikin jijiyar, ta toshe, jiki ya shanye ta a hankali cikin makonni. To amma jini ba ya tsayawa. Kana tura maganin yana sirka shi, yana wucewa da shi. Maganin, wato gulukos, ruwan sukari mai ƙarfin kashi 75 cikin ɗari, in an sanyaya shi a sirinji na musamman har wajen digiri 40 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, sai ya yi kauri, ya daɗe yana taɓa bangon. Sanyin kuma yana sa jijiyar ta tsuke, yana rage wa mai jinya zafi. Likitocin Burazil ne suka fi riƙe wannan hanya, wasunsu ma iska mai sanyi suke hurawa a fata, su haɗa da hasken leza mai ƙona jijiyar.

Sai dai ni ba sirinjin ne ke damuna da ku ba, gaggawarku ce. Kada ka fara da jijiyar da ido ya fi gani. Sau da yawa akwai wata shuɗiya a ƙarƙashi, mai kaurin milimita 1 zuwa 3, wadda ke tura mata jini. In ka bar wannan, siraran da ka yi wa allura za su dawo, ko wasu jajayen sirara su fito a gefe, mai jinya ta ce ka ƙara mata. In ka ga kumburin ƙafa ko manyan jijiyoyi da suka murɗe, a yi sikanin tukuna a ga ko jini na komawa baya. Mai juna biyu, ko wadda jini ya daskare mata a jijiyar da ke can cikin tsoka kwanan nan, ko mai ciwo a wurin, ba a yi musu.

Ka sa allura siririya, ka kwantar da ita kusan daidai da fata, ka tura kaɗan kaɗan. Maganin mai kauri yana da nauyin turawa, kada hakan ya sa ka danna da ƙarfi. Ka ga jijiyar ta yi fari tana ɓacewa, kana ciki. Ka ga fata ta taso, tsaya nan take, maganin ya fita waje.

Kuma ka gaya wa mai jinya tun kafin ka taɓa ta cewa zama ɗaya ba ya isa, kuma wurin na iya yin duhu na watanni, musamman a baƙar fata, saboda sinadarin ƙarfen da jini ke bari. Ta sa safa mai matsewa. In ta dawo ka ji ɗan gudan jini ya taurare a jijiyar, ka huda ka matse shi, tabon zai fi saurin gushewa.