Dala 2,500 ɗin nan, wa zai ci nawa a ciki?

Wani ɗan kasuwa ya rubuto yana cewa: “Shekara tara ke nan ina sayar da kayan gyaran mota. Na daɗe ina so in je baje kolin kayan mota da ake yi a Frankfurt ta ƙasar Jamus, in ga masu ƙera kayan ido da ido, in huta da 'yan tsakiya. Ƙanin matata ya ce yana da mutum mai fitar da biza, in kawo dala 2,500 a gama komai. Na cire 1,500 daga kuɗin shago na ba shi. Yau wata uku, ban ga fom ba, ban ji ranar ganawa ba, sai ga shi ya dawo wai a ƙaro 600 saboda kuɗin biza ya tashi. Ya kuma ce in na shiga zan iya zama wata shida in yi aiki in ninka jarina. Nawa ne ainihin kuɗin biza? In ƙara masa ko in dakata?”

Alhaji, ka dakata. Ko sisi kada ka ƙara.

Amsar tambayarka ta farko gajera ce. Bizar ɗan gajeren zama ta ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu amfani da biza guda, da Jamus ke cikinsu, yuro 90 ce ga babba. Ta taɓa zama 60, ta koma 80 a watan Fabrairun 2020, sannan ta zama 90 a ranar 11 ga Yunin 2024. Ka duba yadda take tashi: ƙarin yuro goma ko ashirin, bayan shekaru, kuma ana shelarsa ga duniya kafin ya fara aiki. Biza ba ta tashi da dala 600 cikin wata uku. Wanda ya faɗa maka haka, ko dai shi ma an yaudare shi, ko kuma ya san ba za ka bincika ba.

Amma ni ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar nan guda da ka yarda da ita, “a gama komai”. Mene ne komai? Kai da kake sayar da kayan mota, in wani ya kawo maka kwali a ɗaure ya ce kaya ne na dala 2,500, ka biya kawai, za ka biya? Sai ka kwance, ka ƙirga, ka juya kowane ɗaya ka duba lambarsa, ka ware na asali da jabu. Shekara tara kana yin haka, shi ya sa shagonka yake tsaye. Sai ga shi da aka zo kan takardar da za ta ɗauki sunanka da hotonka da zanen yatsunka, ka karɓi farashi a dunƙule, ba rasit, ba rubutu, ba ka san sunan wanda kuɗin ya je hannunsa ba. Wannan cinikin biri a sama ne. Na san dalili: ƙanin uwargida ne, ka ji nauyin ka ce ya rubuta maka. Nauyin nan da ka ji shi ne ya ci maka dala 1,500 zuwa yanzu, kuma in ba ka sauke shi ba zai ci zumuncin ma daga baya, domin ranar da magana ta fashe ba kai da shi kaɗai za ta tsaya ba, sai ta shiga ɗakin matarka.

To, mu kwance kwalin. Ɗauko takarda.

Abu na farko da za ka rubuta shi ne kuɗin da in ya fita ba ya dawowa, ko an ba ka biza ko an hana ka. Yuro 90 ɗin nan na ciki. Sai kuɗin cibiyar karɓar takardu, domin ofisoshin jakadanci da yawa sun miƙa wannan aikin ga kamfanoni irin su VFS Global da TLScontact, su ne ke karɓar fom su ɗauki zanen yatsu. A dokar biza ta Tarayyar Turai, ladansu bai kamata ya wuce rabin kuɗin biza ba, wato yuro 45, sai a wasu wuraren da aka keɓe. Sai inshorar lafiya ta tafiya, wadda dole ta iya ɗaukar jinya har ta yuro 30,000. Kada adadin ya firgita ka, abin da inshorar za ta biya ne in ka kwanta ciwo, kai abin da za ka biya na kwana goma 'yan gomomin yuro ne. Sai hoto, da fitar da takardar bayanan asusu daga banki, da fassarar takardun shago in an nema, da kuɗin aiko maka da fasfo. In cibiyar ba a garinku take ba, ka sa kuɗin mota da na kwana. In fasfonka ya kusa ƙarewa ka sa na sabuntawa, domin sai ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro can, da shafi biyu da babu komai a kai.

Ka tara duka. In ka cire sabunta fasfo da doguwar tafiya, a nawa lissafin da wuya ya haura yuro 250. Yanzu ka ajiye wannan kusa da dala 2,500, ka tambayi kanka sauran na mene ne. Tikitin jirgi na ciki? Otal na ciki? In suna ciki a nuna maka lambar tikitin da sunan otal ɗin. In ba sa ciki, to la'ada ce, kuma la'adar da ta ninka kuɗin aikin kusan sau tara ba la'ada ba ce.

Ba na cewa duk mai taimakon cike takardu ɓarawo ne. Akwai masu yi da gaskiya, su duba maka fom, su gaya maka abin da ya rage, su karɓi ladan da aka yanka tun farko a rubuce. Alamarsu ita ce ba sa cewa “za mu fitar maka da biza”. Ba wanda ke da wannan ikon sai jami'in ofishin jakadanci, kuma shi ba a sayen hukuncinsa a kan tebur. Duk wanda ya yi maka alkawarin tabbas, yana sayar maka da abin da ba nasa ba ne.

Ga dokar da nake ba kowa: wannan kason da ba ya dawowa, ka ninka shi biyu a kasafinka. Ana hana mutanen kirki biza a kan takarda ɗaya da ta ɓace, sai su sake nema su sake biya. Jamus ma tun 1 ga Yulin 2025 ta daina karɓar ƙorafin da a da ake rubuta wa ofishin jakadanci kyauta don ya sake duba hukunci. Yanzu in an hana ka, ko ka sake nema da sabon kuɗi, ko ka nufi kotu a Berlin. Sannan ka ɗora kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari saboda canji, tunda farashin da yuro aka yanka shi, kai kuwa da kuɗin ƙasarku za ka biya, bisa canjin da suka sa a ranar.

Kaso na biyu shi ne wanda 'yan kasuwa suka fi faɗuwa a kai, kuma abin mamaki ba a kashe ko sisi daga cikinsa. Shi ne kuɗin da za ka nuna kana da shi. Jami'in da ke duba takardarka yana so ya ga watanni na shige da ficen asusunka, ya ga ciniki yana tafiya, ya gamsu cewa mutumin nan yana da abin da zai dawo dominsa. Na taɓa zama da wani mai sayar da tayoyi, kasuwarsa ta fi taka girma, amma komai nasa hannu da hannu ne, asusunsa na banki kamar kango. Saura kwana huɗu ya miƙa takardu, wani ya ba shi shawara ya ranto kuɗi ya zuba. Na riƙe takardar a hannuna: layi bayan layi na 'yan ƙananan kuɗi, wata biyar, sai kwatsam a layin ƙarshe wani ƙaton adadi ya faɗo daga sama. Ko yaro ya gani ya san aro ne. Aka hana shi. Ya biya mai rancen ladansa, ya rasa kuɗin biza, ya rasa baje kolin shekarar. Mutumin yana da dukiya, shaidarta ce ba shi da ita.

Ka ga inda wannan ya shafe ka? Dala 1,500 da ka zare daga shago ba tare da rubutu ba ta rage ƙarfin asusun da za ka nuna, ta kuma rage kayan da ya kamata su cika kanta. Uwar kuɗi ka taɓa. Tafiya irin wannan daga riba ake ware mata kuɗi, a buɗe mata shafinta a littafi, a rubuta duk abin da ya fita da ranarsa da sunan wanda ya karɓa. In riba ba ta kai ba, tafiyar ce ba ta yi ba tukuna. Baje kolin nan, Automechanika, ana yin sa a watan Satumba duk bayan shekara biyu. Ba gudu zai yi ba.

Kaso na uku ba sai na daɗe a kai ba, ka san shi: jirgi, masauki, abinci, tikitin shiga fili. Abu biyu kawai zan ce. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Kuma otal a garin da ake baje koli yana tsada sosai a makon, ka nema da wuri. Ka ƙara da kwanakin da ba ka shago, domin su ma kuɗi ne.

Akwai wani haɗari da ya fi asarar kuɗin nan, kuma shi ne ya sa na ce ka dakata da babbar murya. Ba ka ga fom ba. Ke nan ba ka san abin da aka rubuta da sunanka ba. Wata 'yar kasuwa da na sani ta miƙa fasfonta ga wani ta hanyar ɗan ƙawarta, tana neman bizar Birtaniya. Ba ta nemi a yi mata ƙarya ba, ba ta ma san an yi ba. Mutumin ya ga takardunta ba su cika ido ba, sai ya haɗa mata da wasiƙar gayyata daga kamfanin da bai taɓa jin sunanta ba. Aka bincika, aka gano. A dokar Birtaniya, yaudara a neman biza tana iya jawo haramcin shekara goma. Kanada shekara biyar take yankewa, Amurka kuwa tana iya rufe ƙofa har abada. Ranar da ta kawo mini wasiƙar hana ta biza, hannunta na rawa, tana ta maimaita cewa ba ita ta rubuta wasiƙar gayyatar ba. Gaskiya ta faɗa, amma sa hannun nata ne. A Shengen ma, in aka hana ka, bayanin yana zama shekara biyar a rumbun da duk ƙasashen ke dubawa, ba za ka bar Jamus ka je wa Faransa a matsayin sabon mutum ba.

Sai zancen zama wata shida ka ninka jari. Alhaji, wannan maganar ta gundure ni, kullum sai na ji ta da sabuwar riga. Bizar da kake nema kwana 90 ce mafi yawa a cikin kowane kwana 180, kuma ba ta ba ka izinin kama aiki ba. Tun Oktoban 2025 ƙasashen suka fara rubuta shiga da fita a na'ura, da hoton fuska da zanen yatsu, wanda ya wuce wa'adi ba sai an neme shi a cikin tambarin fasfo ba. Zama don aiki ko karatu wata ƙofa ce daban, farashinta ma daban. Ɗalibin da zai je Jamus sai ya nuna kusan yuro 12,000 na shekara guda a asusun da aka kulle. Mai zuwa aiki Birtaniya, ban da kuɗin bizar kanta, yana biyan harajin lafiya fam 1,035 a kowace shekara tun Fabrairun 2024, yaro kuma 776, a dunƙule tun kafin a taka jirgi. Miji da mata da yara biyu na shekara uku, fam 10,866 ke nan a wannan layin kaɗai. Wanda ya ce da bizar baje koli za ka tsallake duk wannan, so yake ka bar shagon shekara tara ka je kana ɓuya. Kai ɗan kasuwa ne mai zuwa sayen kaya, wannan ya fi ƙarfi a gaban jami'in biza fiye da duk wani labarin da za a ƙirƙira maka.

Ga abin da za ka yi a makon nan. Ka kira ƙanin uwargida, ba a gaban jama'a ba, ba da faɗa ba, amma da wani babba ɗaya a zaune. Ka ce masa lissafin shago kake rufewa, kana bukatar ya rubuta maka inda dala 1,500 ta shiga, layi-layi, da rasit ɗin kowane. In an biya kuɗin biza ko na cibiya, akwai rasit mai lamba da sunanka a kai, ba a biyan su a ɓoye. Ka nemi sunan mutumin nasa da lambarsa, ka nemi kwafin duk takardar da aka cike. In fasfonka na hannunsu, shi za ka fara karɓowa kafin maganar kuɗi. Abin da aka kasa nuna shaidarsa ka rubuta shi bashi a kansa, ku yanka yadda zai biya ko da kaɗan-kaɗan ne, ya sa hannu, babban nan ya shaida.

Daga nan ka buɗe shafin intanet na ofishin jakadancin Jamus da ke ƙasarku, ka kwafe jerin takardun bizar kasuwanci da hannunka. Ana karɓar takardu tun saura wata shida tafiya, kuma hukunci kan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45, ban da jiran ranar ganawa. Ka ƙirga baya daga Satumba ka ga ko lokaci ya ishe ka. Kafin nan, daga gobe, duk cinikin da ya shigo shago ya bi ta asusun banki.