Motar Mijin Yaya Ko Ta Kaina? Tambayar Mai Wanke Gilasai Daga Mararaba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa da fatan alheri. Shekarata 29, ina zaune a Mararaba, sana'ata wanke gilasan gine-gine a cikin Abuja. Shekara biyu ke nan da farawa, yanzu ina da yara uku da muke aiki tare. Muna da filaza biyu a Wuse 2, otal ɗaya a Utako, da wasu gidaje a Gwarinpa da ke kiranmu wata-wata. Kayan aikinmu tsani biyu, jarkoki, bokitai, igiya da sandunan goge gilashi.

Tun da na fara, motar mijin yayata nake ara, Sienna ce. In ya kai yara makaranta sai in karɓa, in mayar kafin ƙarfe biyu. Bai taɓa karɓar sisina ba, mai kawai nake zubawa. To watan jiya ruwan sabulu ya zube a shimfiɗar motar har ta yi wari, tsani kuma ya karce samanta. Shi bai ce komai ba, Yaya ce ta kira ni da daddare tana magana ƙasa-ƙasa. Sannan wani aiki babba ya wuce ni ranar wata Asabar saboda ya tafi biki da motar.

Na tara naira miliyan 3 da dubu 200. Dillali ya nuna mini ƙaramar Hijet a miliyan 4 da rabi, da tsohuwar Hiace a miliyan 9. Raina ya fi kwanta wa Hiace. In ci gaba da aro ina tari, ko in ci bashi in saya?

Mai karatu daga Mararaba

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa sana'a albarka, ya tsare ku a kan tsani.

Duk cikin wasiƙarka inda na tsaya na sake karantawa shi ne kiran da Yaya ta yi maka da daddare. Kana ganin motar nan kyauta kake hawa, mai kawai kake zubawa. A'a, akwai mai biya, kuma yayarka ce. Mijinta ba zai iya buɗe baki ya ce wa ƙanen matarsa "ka ɓata mini mota" ba, kunya ba za ta bar shi ba. Sai ya shiga gida fuska a ɗaure, ita kuma ta san dalili. Macen da ta jira dare ya raba, ta rage murya don kada a ji ta, ta daɗe tana haɗiye maganar kafin ta fito da ita.

Na san wannan shirun don na taɓa zama a cikinsa. Lokacin da nake da ƙaramin gidan burodi a Tudun Wadan Kaduna, a-kori-kurar baffana nake ara, Fijo 504, irin wadda ake haɗawa a nan Kaduna a wancan lokacin. Kullum bayan asuba nake lodin burodi in raba wa masu shayi da 'yan tireda. Wata rana na ɗauki hanyar Zariya da kaya cike, wajen Jaji na ga allurar zafi tana hawa. Na ce bari in ƙarasa, masu shayi na jira. Ban yi nisa ba injin ya tsaya cak, hayaƙi na fita ta ƙarƙashin bonet, ga ƙamshin burodi ga ƙaurin ƙarfe. Da na je na gaya wa Baffa, yana zaune a kan buzu da carbi a hannu, ya dube ni ya ce, "Ba komai, Allah ya tsare gaba." Na yi sati uku ina zirga-zirga a kasuwar Panteka ina haɗa kayan gyara, na biya komai da kaina. Motar ta tashi, amma ba ta koma yadda take ba, kuma da ita yake kai amfanin gona kasuwa. Wajen wata takwas ban iya zama a zaurensa na sake ba. Da a ce haya na ɗauko ta, da mun yi lissafi mun rabu lafiya. Har ya rasu ina jin nauyin wannan "ba komai" ɗin.

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin aro: abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabbar hawa, in ya lalace a hannun mai aro ba a ɗora masa ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyakar abin da aka ara masa dominsa. To ka tambayi kanka, motar kai yara makaranta da aka ɗora wa tsani da jarkoki, an tsaya a iyaka? Karcen nan da warin nan naka ne. Kafin komai, ka kai ta wurin masu wanke mota su cire shimfiɗar su shanya, ka kai wa mai fenti ya gyara saman, ka mayar masa da ita fes, tanki cike. Kada ka jira ya tambaya, ba zai tambaya ba.

Akwai kuma maganar inshora, wadda na tabbata ba ku taɓa yin ta ba. Tun Janairun 2023 kuɗin inshorar da doka ta wajabta ya koma naira dubu 15 ga motar gida, motar da mutum ke ɗaukar kayan sana'arsa kuwa dubu 20. Aji biyu ne daban. Ta mijin yayarka kusan tabbas ta motar gida ce. Ranar da tsani ya suɓuce a kan titin AYA ya fasa gilashin motar wani, kamfanin inshora na iya cewa ba don wannan aikin ya yi mata rajista ba, kuma mai sunan da ke kan takarda shi ma za a nema, ba kai kaɗai ba.

Yanzu ga abin da aron ke ci maka a sana'a. Ka fi ni sanin cewa gilashi da sanyin safiya ake wanke shi. Da rana ta buɗe ya yi zafi, ruwa kan bushe kafin ka ja roba, sai ya bar zane-zane. Masu ofis kuma sun fi son a gama kafin ma'aikata su shigo, ko a zo ranar Asabar. Kai kuwa sai an sauke yara kake karɓar makulli, ka faɗa cunkoson Nyanya, ka isa Wuse rana ta take, ƙarfe ɗaya kuma ka fara naɗe igiya don kada yara su tsaya a bakin makaranta. Awa nawa ke nan? Uku, in an yi sa'a. Yara uku kake biya kuɗin yini a kan aikin awa uku. Asabar kuma, ranar da ta fi kowace kawo kuɗi, ita ce ranar biki da gaisuwa da ziyara. Keke Napep ba ya shiga manyan titunan tsakiyar birni, balle ka ce za ka ɗora tsani a kai. Saboda haka batun cewa kana buƙatar mota taka, ba ni da ja.

Inda muka rabu da kai shi ne Hiace. Na san dalilin da ya sa ranka ya kwanta mata: in ka faka ta a gaban filaza, mai gadi ma da wani ido zai dube ka. Amma ɗauki biro. Miliyan 9 a cire miliyan 3 da dubu 200, saura miliyan 5 da dubu 800. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba ƙaramin ɗan kasuwa. A ce an ba ka a kashi 30. Ruwa kaɗai ya kama miliyan 1 da dubu 740 a shekara, wato dubu 145 kowane wata, ba ka taɓa uwar kuɗin ba, ba ka zuba mai ba, ba ka sallami yara ba. Wannan lissafin aljihu ne kawai, ban ma shiga maganar hukuncin kuɗin ruwa a addini ba, wanda ka riga ka sani. Bashin manhajojin waya kuwa kada ka ko buɗe su. Da wata suke ƙirga ruwansu, ba da shekara ba. Sannan tsohuwar Hiace a wannan farashi ta riga ta sha lodin fasinja, kuma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, babban inji ya zama baƙon da ba ya ƙoshi. Kana gani a Sienna, mai silinda shida.

Hijet ta fi dacewa da aikinka, amma ka san iyakarta. Injinta cc 660 ne, kuma a Japan kilo 350 aka ƙayyade wa irinta na kaya. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Jarka goma mai lita 25 kilo 250 ke nan, ga tsani biyu, ga bokitai, ga ku huɗu. Ka ga ta cika. In kana mafarkin dasa tankin lita 500 a bayanta, rabin tan ke nan, ka manta. Abin da zan ba ka shawara, ka rage ɗaukar ruwa. Yawancin filazoji suna da burtsatse. Ka yi wankin farko da nasu, ka taho da jarka huɗu ko biyar na ruwa mai kyau don ɗaurayar ƙarshe, tunda ruwan wasu burtsatsen kan bar farin tabo in ya bushe.

In za ka duba ta, kada ka je da dillali kaɗai. Ka ɗauki bakaniken da ya saba da ƙananan motocin nan, daga garejin bakanikai na Apo ko inda ka yarda da shi, ka biya shi kuɗin yininsa. Da yawansu da sitiyari a dama suke zuwa daga Japan, a nan ake juya shi hagu, don haka a duba aikin juyin da kyau, a shiga ƙarƙashi a duba walda da tsatsa. A tayar da ita da safe injin na sanyi. A hau da ita tudu da mutum huɗu a ciki. Takardun kwastam su zama na gaskiya, lambar jikin mota ta yi daidai da ta takarda, a yi takardar ciniki da shaidu, a sauya suna zuwa naka.

Kuma kada ka ɗauka miliyan 1 da dubu 300 ne kawai ya rage maka. Motar hannu ba ta shiga gida ba tare da ta nemi wani abu ba: taya, batir, baƙin mai, lasisi, inshora, da ƙarfen ɗora tsani da mai walda zai yi maka a sama. In ka rubuta sunan sana'a a jikinta akwai kuɗin talla da ake karɓa duk shekara. Ni a ganina ka nemi kamar dubu 500 a gefe bayan kuɗin saye. Wanda ya zuba komai a mota ya bar aljihu fayau, gyaran farko ke zaunar da shi, ya koma ƙofar da ya baro.

To ina za a samo cikon? Adashi na farko, in kana da abokan da ka yarda da su; ka roƙi ɗaukar farko ko ta biyu. Na biyu, otal ɗin Utako: tunda sun san aikinka, ka nemi su rubuta maka kwantiragin shekara su ba ka kuɗin wata uku gaba, ko da za ka yi musu ɗan ragi. Na uku, bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019 da Lotus a 2021. Suna yin murabaha: su sayi abu, su sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ka biya kaɗan-kaɗan. Za su so ganin rajistar sana'arka da shige da ficen kuɗi a asusunka. Ka tambayi jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, a rubuce, domin ribarsu ma ba ƙarama ba ce.

Ban ce ka yi ta tari har abada ba. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 mun ga yadda kuɗin motoci ya gudu ya bar masu tari a baya. Amma wasiƙarka a cikin hunturu ta zo, lokacin da ƙura ke yi maka talla, gilashin da ka wanke Litinin ya yi fari kafin Juma'a. Ba da cinikin hunturu ake auna ƙarfin biyan bashi ba. Ka koma ka duba abin da ya shigo a Yuli da Agustan bara, ranakun da ruwan sama ya hana hawa tsani. In kuɗin waɗannan watanni zai ɗauki zubin adashi da mai da albashin yara, ka saya kafin damina. In ba zai ɗauka ba, ka ƙara wata huɗu ko biyar.

A tsakanin nan, aron kyauta ya ƙare. Ka je ka sami mijin yayarka, kai da shi, ba ta bakin Yaya ba. Ka yi masa godiya yadda ya kamata, shekara biyu ba kwana biyu ba ne. Ka ce masa, "Yaya, daga yau ina so mu mayar da ita haya, ga abin da zan riƙa bayarwa kowace rana na ɗauka, kuma in sha Allah zuwa wata kaza zan sayi tawa." Zai ce haba, ai ɗa na kowa ne, me ya yi zafi. Ka dage cikin ladabi. In ya ƙi karɓar kuɗi a hannu, ka ɗauki juyen baƙin mai da sayen taya a kanka, ka shimfiɗa leda mai kauri a baya, ka naɗe ƙafafun tsani da tsumma. Ranakun Asabar kuma ka bar masa motarsa gaba ɗaya, ka yi ciniki da mai a-kori-kura a tasha ya kai ku da sassafe ya dawo ya ɗauke ku, ka saka kuɗinsa a cikin farashin aikin.

Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kowace rana: inda kuka je, ƙarfe nawa kuka fara, nawa aka biya, nawa mai ya ci, da aikin da ya wuce ka saboda rashin mota. Bayan wata biyu ka aiko mini da abin da ke ciki, mu sake zama a kai. Ka gaida Yaya, ka ce mata saƙonta ya iso.