Ruwan da za ka zuba wa murjani

Jiya muna wanke duro ka jefo min tambaya biyu a haɗe. Wai me zai hana mu tari ruwan famfo mu ɗiga masa maganin kashe kulorin, yadda ake yi wa kifin ruwan daɗi, mu zuba a tankin da muke rainon murjani, halittar nan ta teku, sannan wai wane gishiri ne ya fi kyau a cikin waɗanda ake sayarwa a bokiti. Ka ga na yi shiru na ci gaba da aikina. Ba da kai nake fushi ba, yaro. Tambayar ce ta taso min da wani miki da ya ƙi warkewa.

Akwai wani mutum da na haɗa wa tanki mai cin lita 600. Wata takwas ina kansa. Ni na jera dutsen da hannuna, na jira ya nuna, wato ya kai a sa masa mai rai, na fara sa masa dodon koɗi da jatan lande, daga baya murjani mai laushi, a ƙarshe mai rassa, irin wanda ake kira Acropora. Ya biya rabin kuɗin aiki, muka yi da shi zai cika sauran idan tankin ya zauna. Na ɗaura masa injin tace ruwa na RO, mai matse ruwa ta cikin siririyar fata, a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na nuna masa jarkar da zai riƙa tara ruwan, na ce masa ko digo ɗaya kada ya shiga tankin nan sai wanda ya fito daga wannan siririn tiyo. Ya ce ya ji.

Ran nan ya kira ni wai dodon koɗinsa suna faɗowa. Na je na tarar da su a kan yashi, sun kife da baya, ƙafarsu a waje ba motsi. Jatan lande biyu sun mutu a bayan dutse. Kifaye kuwa lafiyarsu lau, suna ta kai da komo suna cin abinci. Duk wanda ya san aikin nan, da ya ga marasa ƙashin baya suna mutuwa kifi yana yawo, ya san inda zai fara nema. Ruwa ba ya tsami banza. Na tambaye shi sau uku wane ruwa yake ƙarawa. Sau uku yana rantse min cewa na injin ne. Na auna gishiri, daidai. Na auna naitret, na auna kalsiyam, duk daidai. Abu ɗaya ne ban auna ba, jan ƙarfe, saboda na ɗauki rantsuwar dattijo a bakin gaskiya.

Kafin mako ya zagayo Acropora ta fara saɓule nama daga gindi. Da safe ka ga fari kamar faɗin farce, da yamma ya hau rabin reshe, washegari sai ƙashi fari fat kamar alli. Ya ce ai kayan da na kawo masa ne marasa lafiya. Don in kare sunana na koma gida na ciro tawa, wadda na raina shekara uku tun tana guntuwar da ba ta wuce gaɓar yatsa ba har ta kai faɗin tafin hannu biyu, shuɗiya a bakin rassa. Na kai masa kyauta. Kwana huɗu ta yi.

Ranar da na je ɗauke gawarta ne na sunkuya neman bokiti, sai na ga injin RO a kwance, an zare tiyonsa, ƙura ta rufe shi. Jarkar kuwa cike take. Na tsoma mitar TDS, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, ta haura 200. Ruwan da ya kamata ya nuna sifili. Sai a lokacin ya ce ai injin ya cika nawa, kuma yana ɓarnar ruwa, kowace lita ɗaya mai kyau sai uku ko huɗu sun bi magudana. Shi ne ya koma tara daga famfon ruwan zafi, wai don kada sanyi ya dami kifin. Bututun gidan duk na jan ƙarfe ne, ruwan zafi kuma ya fi na sanyi cin bututu. Wata biyu yana ɗura wa tankin guba da hannunsa. Da na kawo ma'aunin jan ƙarfe, ruwan gwajin ya canza launi a gabansa, yana kallo.

Ka san abin da ya fi ƙona min rai? Jan ƙarfe ba ya tsayawa a ruwa kawai. Dutse da yashi suna shanye shi, su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Ko ka canza ruwan kaf, dutsen nan ya tashi daga aiki a tankin murjani. Duk na kwashe shi. Mutumin bai cika min ko kwabo ba, kuma ya bi mutane yana cewa jabun gishiri na sa masa. Har yau ban yafe wannan maganar ba.

To ga amsar tambayarka ta farko. Maganin da kake faɗa kulorin yake kashewa. Fosfet yana nan, silika tana nan, naitret yana nan. Silika ce take haifar da wannan ƙura-ƙura mai ruwan ƙasa da ke rufe gilashi da yashi, fosfet kuma ya ciyar da gansakuka har ta shaƙe murjani, ya kuma hana shi gina ƙashinsa. Kuma ka tuna abin da ke tashi daga tanki tururi ne zalla. Duk dattin da ka zuba yana zaune, gobe ka ƙara wani a kansa. Ruwan da mutum zai sha ya kwana lafiya, murjani ba zai ɗauka ba, domin a tekun da ya fito waɗannan abubuwa kusan babu su.

Ruwan rijiya da na burtsatse ma kada ka ce sun tsira don ba kulorin. Wani da ƙarfe yake zuwa, wani da naitret daga takin gona. Ruwan sama ya wanko rufi da iska kafin ya iso gare ka. Ruwan teku na ainihi yana yi, idan daga can ciki aka ɗebo shi, nesa da bakin kogi da tashar jiragen ruwa, aka kuma tace. Wanda bai da wannan hali, injin RO mai DI, wato mai ƙarin ƙwayoyin tacewa a ƙarshe, shi ne hanya. Matakin farko ya tare laka, gawayi ya kama kulorin kafin ya ci fatar tacewar, fatar ta cire mafi yawan abin da ya narke, ƙwayoyin DI su share ragowar. Mita ta nuna sifili. Ta fara nuna 1 ko 2, canza ƙwayoyin, kada ka jira. Idan kuma sayen ruwan za ka yi a jarka, tsoma mitarka a gaban mai sayarwa. Ya ji haushi, ya ji. Kuma kada in ga mahaɗin tagulla a ko'ina a layin ruwanmu, akwai jan ƙarfe a cikinsa.

Maganar gishiri kuwa, ku yaran yanzu kun fi son a ce muku sunan kamfani ku rubuta a waya, gobe wani ya faɗi wani suna a bidiyo ku canza. Ni ba sunan nake karantawa a jikin bokiti ba, lambobin nake dubawa. Ruwan teku yana da gishiri kashi 35 cikin 1000, wato 1.026 a ma'auninmu na nauyin ruwa. Kalsiyam ɗinsa wajen 420, magniziyam kusan 1300, alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana kansa tsami, wajen 7 a ma'aunin dKH. Wani gishirin an haɗa shi ya fito kusa da haka. Wani kuma da gangan aka ɗaga shi, alkaliniti ya kai 11 ko 12, don masu tanki cike da murjani mai ƙashi da ke shanye shi da sauri. Idan tankinka yana zaune a 8 ka kwarara masa ruwa mai 12 da yawa, ka girgiza shi, kuma Acropora ba abin da ta tsana kamar a yi mata sauyi farat ɗaya. Zaɓi wanda lambarsa ta yi kusa da inda kake riƙe tankin, ka zauna a kansa. In dole ta sa ka sauya, a hankali, cikin canjin ruwa na kashi 10 cikin 100 da muke yi duk mako. Gishirin girki ba sai na ɓata bakina a kansa ba.

Sabon bokiti, juya shi sosai kafin ka ɗiba, don a hanya masu nauyi da marasa nauyi suna rabuwa. Haɗin farko ka auna shi kaf, kada ka yarda da abin da aka buga a jiki. Ka rufe murfin ruf, in ya sha danshi ya dunƙule kamar dutse, ba zai ƙara ba ka lambar gaskiya ba.

Na ga ka shekaranjiya ka fara zuba gishiri a duro sannan ka sako ruwa a kai. Shi ya sa ya yi fari kamar an dama alli, kuma allin ne, kalsiyam ɗin ne ya haɗu da kabonet ya kwanta, ba zai sake narkewa ba. Ruwa ake fara cikawa, a kunna injin motsawa, a riƙa barbaɗa gishirin a hankali. Ka bar shi ya gauraya har ya washe, ka kawo zafinsa digiri 25 ko 26 daidai da na tanki. Na'urar leƙen nan da kake auna gishiri da ita, saita ta da ruwan gwaji mai 35, domin in ta karkace duk abin da ka haɗa ya karkace tare da ita. Ma'aunin gishiri mai allurar roba kuwa kumfa ɗaya ta maƙale mata sai ta yi maka ƙarya.

Duron da ka haɗa ɗin nan ka zubar da shi. Gobe da sassafe ka zo da mitar TDS, daga bakin tiyo za mu fara, kai za ka auna ina tsaye.