Akitek ya nemi kashi 10 na kuɗin gini, ɗan kwangila ya ce zai zana kyauta

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fili a unguwar masu hali, ina son gina bene mai baranda da wurin iyo. Akitek ɗin da na tuntuɓa ya ce zai karɓi kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin. Ɗan kwangilata kuma ya ce in rabu da shi, yana da yaron da zai zana kyauta, sai a nemi mai hatimi ya buga. Wallahi hankalina ya rabu biyu. Ganin unguwar ne ya sa ake son a yanke ni, ko haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kwantar da hankalinka, kashi 10 bai wuce gona da iri ba. A ƙasashe da dama, cikakken aikin akitek a gidan da aka tsara wa mutum ɗaya yana kamawa ne daga wajen kashi 5 zuwa 15 na kuɗin gini, ban da kuɗin fili. Wasu kuma suna yanke kuɗi dunƙule, wasu su yi lissafi da murabba'in mita, wasu da awa, musamman idan shawara ce ko gyaran tsohon gida.

Sunan unguwa shi kaɗai bai isa hujjar ƙarin kuɗi ba, kodayake akwai masu kallon motar da ka zo da ita kafin su buɗe baki. Abin da ke ƙara kuɗin da gaske shi ne yawan aiki. A irin waɗannan unguwanni ana tsananta dokar tazara tsakanin gini da katanga, akwai iyakar tsayi, wani lokaci har da kwamitin unguwa da zai duba zanen bayan hukumar tsara birni. Ga tagogi da matakala da ba na kasuwa ba, kowanne sai an yi masa zanensa daban. Ga mai gida da uwargida da za su sauya wurin kicin sau huɗu.

Ka ce ya rarraba maka kuɗin mataki-mataki a rubuce. Rabon da aka daɗe ana amfani da shi a Amurka misali ne mai kyau: kashi 15 na kuɗinsa a zanen farko, 20 wajen faɗaɗa shi, 40 a cikakken zanen da za a yi gini da shi, 5 wajen tantance 'yan kwangila, 20 kuma na duba aiki a wurin gini. Ka biya kowane mataki bayan an miƙa maka shi. Ka tambaya ko injiniyan ƙarfin gini, da na lantarki da famfo, da mai ƙididdigar kaya suna cikin kason nan, domin sau da yawa ba sa ciki. Haka gwajin ƙasa da kuɗin neman izini. Tsarin kaso yana da aibi guda da bai kamata a ɓoye maka ba: duk tsadar da gini ya ƙara, kuɗin akitek ma ya ƙaru. Maganinsa, da zarar an amince da zane an fitar da ƙiyasi, a mayar da ragowar kuɗin dunƙule, a rubuta sauyi nawa aka yarda ka yi ba tare da ƙarin biya ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarka, wato zanen kyauta. Mutane sun ɗauka takarda ake saya a wurin akitek, shi ya sa suke ganin duk wanda ya iya jan layi a kwamfuta ya wadatar. Ba takarda kake biya ba. Kana biyan wanda zai tsaya a ɓangarenka ranar da ɗan kwangila zai so rage kaya. Idan yaronsa ne ya yi zanen, to ɗan kwangilar ne ya tsara, shi ya ƙiyasta, shi ya gina, shi kuma zai ce maka aiki ya yi kyau. An ba kura ajiyar nama ke nan. Kuɗin zanen kuma ba yafe maka aka yi ba, yana nan cikin lissafin siminti da rodi, inda ba za ka taɓa ganinsa ba.

Ɗauki barandar da kake so, wadda za ta fito ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. Irin wannan, babban rodinta a sama yake zama, ya shige can cikin dakin, wato rufin kankaren bene, ya kama. Ranar zuba kankare, leburori suna tattaka shi da baro da kwano, ya lotsa ya koma ƙasa. Da an rufe da kankare, shi ke nan, ba idon da zai sake ganinsa. Za a yi fulasta, a yi fenti, a sa tayil mai tsada, sai tsaga ta fara bayyana daidai inda barandar ta haɗu da bango. Ziyarar rabin awa kafin zubi ita ce ke kama wannan, kuma tana cikin kashi 20 ɗin nan na duba aiki da mutane suka fi saurin yankewa.

Wurin iyo kuwa, mai tsawon mita 8, faɗi 4, zurfi ɗaya da rabi, ruwansa kaɗai tan 48 ne. Idan aka haƙa shi dab da harsashin gida ba tare da an gwada ƙasa ba, ɗan yoyo kaɗan ya isa ya jiƙa ƙasar da ke ɗauke da benenka. Yaron da ya kwafo zanen wani gida daga intanet bai san irin ƙasar filinka ba, bai ma tambaya ba. Kankare kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, amma mai gaggawar karɓar kuɗin mataki na gaba zai cire tokara tun bai ƙosa ba idan babu mai hana shi.

Batun hayar hatimi shi ya fi ɓata min rai. Mutum ya yi shekaru yana karatu, ya samu rajista, sannan ya buga sunansa a zanen da bai buɗe ba saboda 'yan kuɗi kaɗan. Wannan cin amana ne, kuma rayukan 'ya'yan mutane ne za su kwana a ƙarƙashin wannan dakin. Ranar da abu ya faru zai ce bai taɓa taka filin ba, ɗan kwangila ya ce zane ya bi, hukuma kuma kai za ta nema.

Ka nemi lambar rajistar akitek ɗin, ka tabbatar da ita a hukumar da ke yi musu rajista, ka je ka ga gida biyu da ya kammala, ka yi magana da masu su ba ya wurin. Idan kuɗin ya yi maka nauyi, rage marmara da fitilun ado, ka bar duba aiki yadda yake. A cikin yarjejeniyar a rubuta ƙarara cewa ba za a zuba kankaren harsashi, ginshiƙai, dakin ko baranda ba sai shi da injiniya sun duba rodi sun sa hannu, kuma ba za ka biya ɗan kwangila kuɗin kowane mataki ba sai da takardar amincewarsu.