Yaya aka yi Wudil ta zama mazaunin Makaman Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Wudil ne, na taso ina jin ana cewa "Makaman Kano, Hakimin Wudil". Shin tun asali a nan Makama yake zaune, ko kuwa Turawa ne suka kawo shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Alaƙar gidan Makama da ƙasarku ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Sarautar Makama ta Fulanin Joɓawa ce, kuma jagoransu a lokacin jihadi, Malam Bakatsine, a yankin Utai yake, nan kusa da ku. Amma zaman hakimi a cikin garin da malamansa da dogaransa, wannan kam tsarin mulkin mallaka ne.

Kafin 1903 manyan hakiman Kano a birni suke zaune, kullum suna fada. Garuruwan da kowannensu yake riƙe da su a warwatse suke, wannan a gabas, wancan a kudu, na wani hakimin a tsakani. Jakada shi ne ido da kunnen hakimi. Shi zai hau doki ya je ƙauye ya karɓo kuɗin ƙasa da sauran abin da aka ɗora, ya yagi rabonsa, dagaci ya yagi nasa, sannan ragowar ta isa birni. Talaka yana iya tsufa ya mutu bai taɓa sa hakiminsa a ido ba.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato, suka naɗa Abbas. Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne haraji, don ba su san nawa ake karɓa ba, balle hannun da yake bi. Saboda haka wajajen 1907 zuwa 1908, zamanin Razdan Cargill, aka tattara garuruwan da ke maƙwabtaka aka yi gundumomi, aka kawar da jakadu, aka ce kowane hakimi ya fita ya zauna cikin jama'arsa. Wannan tsarin ne ya sa har yau ake danganta Madaki da Dawakin Tofa, Sarkin Bai da Dambatta, Makama kuma da Wudil. Sarki Abbas bai ji daɗin abin ba, kuma ba za a ga laifinsa ba, an raba shi da manyan fadawansa ne rana tsaka.

Wudil kuwa ta cancanta. Ga kogi, ga mashiga, ga hanyar fatake da ta fito daga Kano ta nufi gabas, tafiyar kilomita wajen 40 daga birni. Inda shanu da kaya suke tsayawa su haye ruwa, nan mai karɓar jangali yake so ya shimfiɗa tabarmarsa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne yadda wannan sauyi ya faɗo wa talaka. A da da wuri ko da hatsi ake biya. Yanzu sai aka ce sai kuɗin Bature. Ka ɗauki magidanci bayan kaka, yana tsugune a ƙofar gidan hakimi, malamin haraji ya buɗe littafi yana kiran suna, dogari na tsaye da bulala. In ba shi da sulallan, akuyar matarsa ce za ta tafi kasuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mutane suka rungumi noman gyaɗa, wasu kuma suka riƙa tafiya cin rani, duk don a samu 'yar takardar shaidar biya a soke a jikin azara. Shi kansa hakimin, da aka kafa Baitulmali, sai ya koma mai ɗaukar albashi a En'e, wato hukumar gargajiya, Di'o, Baturen mulki, na zuwa rangadi yana duba masa littattafai, in kuɗi suka yi giɓi rawani na iya faɗuwa.

Ban yarda da masu cewa Turawa ne suka raya irin waɗannan garuruwa don alheri ba. Gaskiya ne kotun alƙali da makaranta da ɗakin shan magani sun biyo bayan hakimi, garin ya cika ya batse, amma littafin haraji ne ya fara isowa. An ci gaba da karɓar harajin nan da jangali har bayan samun 'yancin kai, sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a Jihar Kano. Ka tambayi dattawan unguwarku, akwai waɗanda har yanzu suke tuna shekarar da aka daina ɓuya in an hango dogari.