Gyaran tsohuwar hular gashi domin Kirsimeti

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki gyara tsohuwar hular gashinki ta roba domin bikin Kirsimeti, tun da sabuwa ta yi tsada. Ki jiƙa ta a ruwan sanyi da ɗan sabulun wanke gashi, kada ki murza, sannan ki shanya a inuwa. Idan ta bushe, ki taje ta da mataji mai manyan haƙora, kina farawa daga ƙasa zuwa sama. Ƙarfen miƙar da gashi yana narkar da yawancin gashin roba, saboda haka idan lanƙwasa kike so, ki naɗe shi a kan roba, ki tsoma a ruwan zafi, ki bar shi ya bushe kafin ki warware. Mai kuwa ki taƙaita, domin ƙurar hunturu tana manne masa.